Dawowar Michael Schumacher: Yadda Fasaha Ta Sauya Wa Tsohon Zakara Filin Daga

A garin Bena da ke ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, kamar sauran garuruwa masu kasuwa a Jihar Kebbi, ba a rasa tsohon direba ko tsohon bakanike da ake ba da labarinsa a tasha. Irin mutumin nan ne da zai saurari ƙarar inji kawai ya gaya maka inda ciwon yake. Amma yau idan aka kawo masa motar zamani mai ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ba ta da kafireta, sai ka ga yaron da ya koya wa riƙe sifana ne ke jona na'ura yana karanta masa abin da ke damun motar. Ilimin dattijon bai gudu ba, motar ce ta sauya.

Irin wannan ne ya faru da Michael Schumacher, Bajamushen da ya mamaye tseren motoci na Formula 1, lokacin da ya dawo fage a 2010 bayan hutun shekara uku. Har yau masu bin wasan suna muhawara: dawowar ta rage masa daraja ne, ko ta ƙara masa?

Abin da ya bari a 2006

An haifi Schumacher ranar 3 ga Janairun 1969, ya kuma fara tseren Formula 1 a 1991 a filin Spa da ke Beljiyam. Ya zama zakaran duniya a 1994 da 1995 da ƙungiyar Benetton, sannan ya koma Ferrari ya ɗauki kambun sau biyar a jere, daga 2000 zuwa 2004. Lokacin da ya ajiye sitiyari a ƙarshen 2006 yana da kambu bakwai da nasara 91 a tsere kusan 250. Wato a duk tsere uku da ya shiga, ya ci fiye da ɗaya. Babu wanda ya taɓa kusantar wannan adadi a lokacin.

Ƙishirwar komawa ta fara bayyana a watan Yulin 2009, sa'ilin da wani ƙarfe ya ɓalle daga wata mota ya bugi Felipe Massa na Ferrari a ka a Hungary. Schumacher ya amince ya maye gurbinsa, sai dai raunin wuya da ya samu a haɗarin babur a farkon shekarar ya hana. Bayan 'yan watanni, a Disambar 2009, aka sanar da cewa ya sa hannu a kwantiragin shekara uku da Mercedes.

A takarda, lissafin ya yi kyau. Mercedes ta sayi ƙungiyar Brawn GP ne, wadda ta lashe gasar 2009 da Jenson Button. Shugabanta kuwa Ross Brawn ne, injiniyan da ya kasance tare da Schumacher a dukkan kambunsa bakwai. Mutane da yawa sun ɗauka na takwas yana hanya.

Motar da ya tarar ba ita ya bari ba

Shekara uku a Formula 1 ba ƙaramin lokaci ba ne, domin dokokin ƙera mota kan sauya kusan kowace shekara. Abubuwa huɗu suka fi shafar sa.

Na farko shi ne gwaji. A zamaninsa na Ferrari, kamfanin yana da filin gwajinsa na Fiorano kusa da masana'antarsa a Maranello. Schumacher kan yi ta zagaye daga safe zuwa yamma, yana gaya wa injiniyoyi abin da yake ji, suna gyarawa, har motar ta zama tamkar rigar da aka ɗinka masa. Daga 2009 aka haramta gwaji a fili a tsakiyar kakar wasa don rage kashe kuɗi. Aikin ya koma kan kwamfuta da na'urar kwaikwayon tuƙi, wato kujerar direba da ke motsi a cikin ɗaki, kewaye da allunan da ke nuna filin tsere. Matasan direbobi sun tashi da ita. Shi kuwa Schumacher tana sa shi jiri da tashin zuciya, abin da ya taƙaita lokacin da yake iya zama a cikinta. Babban makaminsa, wato yin aiki fiye da kowa a fili, doka ta karɓe shi.

Na biyu shi ne mai. A da, ana tsayawa a sha mai a tsakiyar tsere, don haka tseren kan rabu gida uku ko huɗu, kowanne a guje da mota marar nauyi da sababbin tayoyi. Schumacher da Brawn sun ƙware a wannan dabara, sun ci tsere da dama da ita. A 2010 aka hana shan mai. Mota na tashi da man da zai kai ta ƙarshe, kimanin kilo 150, tana da nauyi da nawa a farko. Wanda ya iya lallaɓa mota shi ke cin riba, ba wanda ya fi taka totur ba.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, taya. Ferrari ta kasance babbar abokiyar hulɗar Bridgestone a shekarun da manyan abokan hamayyarta ke amfani da Michelin, saboda haka ana ƙera tayoyin ne daidai da buƙatar motarsa. Da ya dawo, kowa taya iri ɗaya yake samu. A 2010 ma an rage faɗin tayoyin gaba. Salon Schumacher shi ne ya shiga kwana da ƙarfi, gaban motar ya kama ƙasa sosai, ko da bayanta na ɗan zamewa shi zai riƙe ta. Siririyar tayar gaba ba ta ba shi wannan riƙon. A 2011 Pirelli ta karɓi aikin, aka kuma buƙaci ta ƙera tayoyin da ke saurin cinyewa don a ƙara wa tsere armashi. A 2012 Schumacher ya fito fili ya soki tayoyin, yana mai kwatanta tuƙi da su da tafiya a kan ɗanyen ƙwai.

Na huɗu shi ne sababbin na'urori. Tun 2008 aka cire na'urar da ke hana taya sulɓi idan aka taka totur, aka kuma tilasta wa kowace ƙungiya amfani da ƙwaƙwalwar inji iri ɗaya. A 2011 aka dawo da KERS, na'urar da ke tara ƙarfin da birki ke ɓarnatarwa a cikin batir, direba ya danna maɓalli ya samu ƙarin ƙarfin doki kusan 80 na daƙiƙa shida da ɗoriya a kowane zagaye. A shekarar ce kuma aka shigo da DRS, wadda ke buɗe fiffiken baya don rage jan iska idan direba na cikin daƙiƙa ɗaya da wanda ke gabansa.

Abin da alƙaluma suka nuna

A wannan wasa, ma'aunin direba na farko shi ne abokin aikinsa, tunda motarsu iri ɗaya ce. Na Schumacher shi ne Nico Rosberg, wanda ya girme wa da shekara 16. A 2010 Rosberg ya tara maki 142, Schumacher 72. A 2011 tazarar ta ragu, 89 da 76. A 2012 Rosberg ya samu 93 har da nasara a ƙasar Sin, Schumacher ya ƙare da 49. A tsere 58 na dawowarsa bai ci ko ɗaya ba. Sau ɗaya tak ya shiga sahun ukun farko, a Valencia ta Sifaniya a watan Yunin 2012, inda ya zo na uku yana da shekara 43.

An kuma ga kurakuran da ba a saba gani daga gare shi ba. Ya afka wa Bruno Senna ta baya a Sifaniya a 2012, ya maimaita hakan kan Jean-Eric Vergne a Singafo. A Hungary a 2010 ya matse tsohon abokin aikinsa Rubens Barrichello zuwa jikin katanga ana gudu mai tsanani, aka hukunta shi, daga baya ya nemi afuwa. Wannan ya tuna wa mutane tsofaffin tabonsa: karonsa da Damon Hill a 1994, da wanda ya yi da Jacques Villeneuve a 1997 har aka soke matsayinsa a gasar shekarar.

Sai dai alƙaluma ba su faɗi komai duka ba. Motar Mercedes ta waɗannan shekaru ba ta kai Red Bull ba, wadda Sebastian Vettel ya lashe gasa huɗu a jere da ita daga 2010 zuwa 2013. A 2012 Schumacher bai kammala biyar daga cikin tsere bakwai na farko ba, huɗu daga ciki kuma ba laifinsa ba ne. A Sin yana matsayi na biyu aka sake shi da tayar da ba a ɗaure da kyau ba. A Kanada fiffiken DRS ne ya buɗe ya ƙi rufuwa.

Ranar da ta fi tsaya wa masoyansa a rai ita ce Asabar ɗin Monako a 2012. A filin da ya fi kowane buƙatar gwanintar hannu, inda katanga ke gefe da gefe, ya yi zagayen da ya fi na kowa sauri a gwajin neman gurbin tashi. Hukuncin karonsa da Senna ya mayar da shi na shida, amma saƙon ya isa. A nan ne dai aka mayar da shi ƙarshen layi a 2006 bisa samunsa da laifin tsayar da mota da gangan don ya hana abokan hamayya kammala zagayensu.

Waɗanda suka dawo suka dace

Dawowa ba kullum take ƙarewa haka ba. Niki Lauda na Ostiriya ya ajiye tsere a 1979 yana da kambu biyu, ya dawo a 1982 da McLaren, ya ci tserensa na uku a Long Beach, sannan ya lashe gasar 1984 da tazarar rabin maki a kan Alain Prost. Amma shekararsa 33 lokacin da ya dawo, kuma ya faɗa ƙungiyar da ke kan gaba a fasaha, wadda ta fara ƙera gangar mota da zaren kabon, daga baya ta samu injin turbo da Porsche ta ƙera.

Kimi Raikkonen ya dawo a 2012 bayan hutun shekara biyu, a kan tayoyin Pirellin da Schumacher ke kuka da su, ya ci tsere a Abu Dhabi, ya ƙare na uku a gasa. Fernando Alonso ya bar Formula 1 a ƙarshen 2018, ya dawo a 2021, kuma a 2023 ya shiga sahun ukun farko sau takwas da Aston Martin alhali ya haura shekara 40. Abin lura shi ne su biyun ba su zauna ba. Raikkonen ya yi tseren rali, Alonso ya ci tseren awa 24 na Le Mans sau biyu da Toyota, ya kuma shiga Dakar a Saudiyya a 2020. Darasin a fili yake: tsawon hutu, shekarun mutum da ingancin motar da ya samu, su ke yanke hukunci, ba suna ba.

Me ya rage daga sunansa?

A watan Satumbar 2012 Mercedes ta ɗauki Lewis Hamilton, a farkon Oktoba kuma Schumacher ya sanar da ritayarsa ta biyu a Suzuka ta Japan. Tserensa na ƙarshe a Brazil ya zo na bakwai. Adadin nasararsa ya tsaya a 91, amma ƙididdigarsa ta sauko ƙasa da ɗaya cikin uku.

Lokaci ya sassauta hukuncin. Rosberg, wanda aka yi wa kallon matsakaicin direba, ya doke Hamilton ya zama zakaran duniya a 2016, sai aka gane cewa ba ƙaramin mutum ne ya kayar da dattijon ba. Mercedes kuma ta lashe kambun masu ƙera motoci sau takwas a jere daga 2014 zuwa 2021, kuma shugabanninta, har da Brawn da Toto Wolff, sun sha ambatonsa cikin waɗanda suka aza harsashin wannan nasara, ta hanyar tsarin aiki da yadda yake hulɗa da injiniyoyi. Da yawa kuma sun ce a dawowar ne suka ga wani Schumacher dabam, mai fara'a, wanda ya iya karɓar kaye ba tare da ya ɗora wa makanikansa laifi ba.

Ranar 29 ga Disambar 2013 ya samu mummunan rauni a ka yayin wasan zamiya a kan ƙanƙara a Meribel ta Faransa, kuma tun daga nan bai sake bayyana a bainar jama'a ba. Lokacin da Hamilton ya kamo nasararsa 91 a Nurburgring a Oktobar 2020, ɗansa Mick ne ya miƙa masa ɗaya daga cikin hulunan kwanon mahaifinsa. Hular ta 2012 ce, ta shekarun Mercedes, ba ta zamanin Ferrari ba.

Rabon Afirka da tseren Formula 1 tun na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1993. Abin da ya fi kusa da mutanen Kebbi shi ne ralin motoci na bikin kamun kifi na Argungu, wanda a 2020 ya taso daga Abuja da motocin da aka harhaɗa a Najeriya. Amma labarin Schumacher ba baƙo ba ne a ƙasar Zuru, inda ake ji da kokawa a bikin Uhola, kuma kowa ya san abin da tsohon ɗan kokawa ke sayarwa idan ya sake ɗaura ɗamara. Bakaniken Bena da ya sayi na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota yana da furfura, ya zauna yaronsa na nuna masa inda zai danna, shi ma irin wannan cinikin ya yi.