Shin Gani Ya Kori Ji?

Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma malaman da ke koyar da ɗaukar hoto a jami'o'in Turai da Amurka sun ce da sauran magana. Madogararsu shi ne shehun malamin nan na Faransa, Roland Barthes, wanda a 1964 ya feɗe hoton tallar taliyar Panzani. Ya nuna cewa launukan hoton da sunan kamfanin su ke raɗa wa mai kallo cewa kayan Italiya ne, alhali kuwa kamfanin na Faransa ne. A ganinsa hoto yana da ma'anoni barkatai, rubutun da ke tare da shi ne turken da ke ɗaure shi wuri guda.

Saboda haka akan miƙa wa ɗalibai hoto ba rubutu, a ce kowa ya sa masa bayani. Ga hoton taron jama'a, wani ya rubuta "masu neman haƙƙinsu", wani kuwa "'yan tarzoma". Hoto bai sake ba, amma hukuncin mai kallo ya sake.

To, mai karatu, in ka ga hoto a jarida, ka bincika wa ya rubuta bayanin, kuma me yake so ka gani.