Ɓeran Masar Ba Ya Zaman Gwauro

A gidajen da ake tsugunar da dabbobin da masu su suka kasa riƙewa, a Ingila ko Jamus, akan ga keji da 'yar takarda a jiki: waɗannan biyun tare za su tafi. Ɓerayen Masar ne. Ko ka yi magiya a ba ka mai jan gashin nan kaɗai, ba za a ba ka ba. Swizalan ma tun 2008 ta mai da abin doka, ba a ajiye shi shi kaɗai. Har aka samu masu ba da hayar abokin zama idan ɗaya ya mutu ya bar tsohon ɗan'uwansa.

Wani zai ce ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa. Ni dai na ga gaskiyarsu. Asalin dabbar tsaunukan Andis ne, wajen Peru da Bolibiya, inda danginta na daji ke kiwo ƙungiya-ƙungiya, shaho na shawagi a sama. Ba ƙaho, ba farcen faɗa, ƙafafu gajeru. Tsaronta idon 'yan'uwa ne: ɗaya na ci, ɗaya na sauraro. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, to shi wannan kukansa ƙin cin abinci ne, kuma hanjinsa ba ya jure zama ba ciyawa ko na yini guda.

Haɗa biyun kuwa aiki ne, musamman maza, don zo mu zauna zo mu saɓa ne. Akan kai su filin da babu warin kowa, a zuba tulin busasshiyar ciyawa, a sa maɓoya mai ƙofa biyu don kada a rutsa wani. Sai babban ya fara gurnani ƙasa-ƙasa yana kaɗa ƙugu, yana zagaye ƙaramin. In haƙora suka fara kaf-kaf, ma'aikaciya ta matso da tawul a hannu. In aka zub da jini, zance ya ƙare. Biyun da suka wuce wannan har suna cin ganye ɗaya daga baki biyu, wa zai raba su?

A can mahaifarsa ba a lallaɓa shi haka. Yana yawo ne a madafi yana cin ɓawo, ran biki a gasa shi. Masu maganin gargajiya kan shafa shi a jikin majiyyaci, sannan su feɗe su duba inda cuta take. Ciwonsa ma ya amfani mutane: kamar mu, jikinsa ba ya haɗa bitamin C, kuma a kansa ne likitocin Norwe biyu, Holst da Frølich, suka gwada cutar rashinsa a 1907. Shi ya sa tattasai da ganye ba sa yankewa a kwanonsa. Da ya ji motsin leda sai ya ɓarke da fito.

Me ke cika gidajen tsugunar da dabbobin nan na Turai da su? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai kanti ya sayar da "mata biyu" bai duba da kyau ba, mai saye ya ɗauka don yaro ya yi kuka. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki sai ga 'ya'ya da gashinsu, ido buɗe, haƙora a baki, suna gudu ran da aka haife su. Mazan cikinsu kuwa, in an wuce sati uku ba a ware su ba, uwar ma ba ta tsira ba.