Darak: Rayuwa da Dukiya a Wani Tsibiri na Tafkin Chadi

Ɗan kasuwar da ke sayen kwalin banda a Tashar Baga ta Maiduguri, ko a kasuwannin Anacha da Inugu da Legas, ba kasafai yake tambayar inda aka kamo kifin ba. Amma shekara da shekaru, kaso mai tsoka na wannan haja yana fitowa ne daga tsibiran Tafkin Chadi, waɗanda masunta ke kira tumbu, kuma ɗaya daga cikin mafi suna a cikinsu shi ne Darak, a ɓangaren kudu na tafkin. Tarihin wannan gari ya isa abin nazari ga duk mai tunanin zuba jari a wurin da hukuma ke nesa.

Janyewar ruwa ce ta raya Darak. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, amma farin da aka yi a shekarun 1970, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, suka sa ya ragu zuwa kimanin kashi ɗaya cikin goma na wancan faɗi. Da gaɓa ta yi nisa da garuruwan Borno, sai masunta suka bi ruwa zuwa gabas, watau Hausawa da Barebari da Shuwa da sauran kabilu, har da waɗanda suka taso daga Mali. Inda suka tarar da tudu sai su kafa bukkoki, su gina wurin banda, su naɗa bulama. Babu wanda ya tsaya duba taswira, domin a kan ruwa da ciyawa ba a ganin iyaka. Su kuwa Buduma, waɗanda su ne asalin mazauna tsibiran tafkin, sun daɗe suna yawo da shanunsu masu manyan ƙahoni daga wannan tumbu zuwa wancan tun kafin a san da wata iyaka.

Abin da ya riƙe mutane a wurin shi ne, ƙasar tana ciyar da su sau biyu. Idan ruwan kogin Shari ya cika tafkin a ƙarshen shekara, sai a shiga su, ana kama tarwaɗa da karfasa da bargi da kalli da mamari da gura. Idan ruwa ya ja baya kuwa, sai a shuka masara da wake a kan laimar da ya bari, ba tare da taki ko ban-ruwa ba. Sai dai wannan albarka ita ce kuma tushen rigima. Gonar da mutum ya nome bana tana iya kwana ƙarƙashin ruwa baɗi, kuma mashigin da aka datse da dumba, watau jerin gura da ake gicciyawa a hanyar kifi, yana iya bushewa ya zama makiyaya. A irin wannan wuri takardar mallakar fili ba ta da wani tasiri. Abin da ke aiki shi ne izinin bulama, da kuɗin da aka biya shi, da shaidar maƙwabta cewa wane ne ya fara share wurin. Idan manomi da makiyayi da masunci suka haɗu a kan fili guda, wanda yakan faru, hukuncin yana hannun wanda ya fi ƙarfin faɗa-a-ji a wannan shekara.

Harkar kuɗi ma haka take tafiya, a kan amana. Masunci ba safai yake da jarin sayen koma da kwale-kwale da inji ba, saboda haka fatoma ko dillali ne ke ba shi bashi, shi kuma ya biya da kifi idan kaka ta yi. Babu banki, babu inshora. Dukiyar mutum tana cikin komarsa, da jirginsa, da buhunan masararsa, da kuɗin da ya ɓoye a ɗaki, ga shi kuma gari ne na zana da ciyawa inda wutar banda ke ci dare da rana, ta yadda gobara guda kan iya cinye aikin shekara. Kifin da ya daɗe bai sami jirgi ko mota ba kuwa, ƙwari ke rage masa nauyi da daraja kafin ya isa kasuwa. Duk wannan hasara a kan farashi take ƙarewa, kuma masunci ne ya fi ɗaukar nauyinta, tun da shi ne ba ya da ikon jira.

Daga wajen 1987 Nijeriya ta riƙa gudanar da mulkin Darak da ƙauyukan da ke kewaye da shi a ƙarƙashin Jihar Borno. Ta karɓi haraji, ta ajiye 'yan sanda, ta buɗe makarantu da ɗakunan shan magani, kuma da Naira ake ciniki. A 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague, da farko a kan Bakassi, sa'an nan ta haɗa da yankin Tafkin Chadi. Nijeriya ta kafa hujja da daɗewar zaman mutanenta da ayyukan mulkin da ta yi a wurin. Kotun ba ta karɓi wannan ba. A hukuncinta na 10 ga Oktoba, 2002, ta ce yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a zamanin mulkin mallaka, musamman na 1919 da 1931, su ne suka shata iyakar, kuma Darak yana cikin Kamaru. A watan Disamba na 2003 Nijeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30, a ƙarƙashin kulawar hukumar haɗin gwiwa da Shugaba Obasanjo da Shugaba Biya suka amince da kafawa tare da Kofi Annan.

An yabi wannan mataki a duniya, kuma ya cancanci yabo, domin ba a zubar da jini ba. Amma ga mutumin da ya gina shago a Darak, ma'anarsa ita ce ya kwana ɗan ƙasa ya wayi gari baƙo. Kamaru ta yi alkawarin kare 'yan Nijeriya mazauna wurin, wasu suka zauna, wasu suka kwashe kayansu suka koma ɓangaren Borno. Wanda ya zauna sai ya koyi hulɗa da jandarma da jami'in kwastan da takardun Faransanci, kifinsa kuma ya zama hajar da ke ƙetare iyaka kafin ta isa kasuwar da ta saba zuwa.

Duk da haka ciniki bai tsaya ba sai da rikicin Boko Haram ya iso tafkin. A watan Mayu na 2014 aka kai hari Gamborun Ngala, garin kan iyaka da hajar yankin ke ratsawa, aka kashe ɗaruruwan mutane, aka ƙone kasuwa. A watan Janairu na 2015 mayaƙan suka kama Baga tare da sansanin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin, Doron Baga kuma, wadda ita ce babbar matattarar kifi a ɓangaren Nijeriya, ta zama kufai. Gwamnatoci suka mai da martani da hana zirga-zirgar jiragen ruwa da cinikin kifi a wurare da dama, bisa dalilin cewa da kuɗin ne 'yan bindiga ke sayen makamai. A Nijar, bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu na 2015, an umarci mazauna tsibirai su tashi cikin 'yan kwanaki, dubban mutane suka fito da abin da za su iya ɗauka a ka kawai.

Dalilin hanin ba ƙarya ba ne, amma sakamakonsa bai zo yadda aka so ba. Bayan da ƙungiyar ta rabu biyu a 2016, ɓangaren da ya kafu a tsibiran ya gane cewa ya fi riba ya bar masunta su yi aiki ya riƙa karɓar haraji a kan kowane kwali da kowane jirgi. Masunci sai ya shiga tsaka mai wuya: idan ya biya, soja na iya ɗaukarsa mai taimakon 'yan ta'adda, idan ya ƙi biya kuwa, ransa ne a bakin komai. Darak kansa, duk da sojojin Kamaru da ke girke a can, an kai masa babban hari a watan Yuni na 2019, inda sojoji da fararen hula da dama suka rasa rayukansu.

A watan Satumba na 2020 Gwamnatin Jihar Borno ta fara mai da mutanen Baga garinsu, abin da ya ba fataken kifi ƙwarin gwiwa, ko da yake an kai wa ayarin jami'an da suka je aikin hari a kan hanya. Ruwan tafkin ma bai ci gaba da janyewa kamar yadda aka yi ta hasashe ba, har ambaliyar 2022 da ta 2024 suka mamaye gonaki da gidaje a yankin. Ta fuskar tsaro kuwa, Nijar ta ba da sanarwar ficewa daga rundunar haɗin gwiwar a watan Maris na 2025, wanda ya rage ƙasashen da ke gadin tafkin tare. Falken da zai ba masuncin tsibiri bashin koma da inji, dole ya sa duk waɗannan a lissafinsa, tare da kuɗin man jirgi da na shingayen da ke tsakanin bakin ruwa da Maiduguri.