Gasar Firimiyar Najeriya

Gasar Firimiyar Najeriya, wadda aka fi sani da taƙaitaccen sunanta NPFL, ita ce babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙungiyoyin ƙwararru a Najeriya. Ƙungiyoyi 20 ne ke fafatawa a cikinta, kowace tana karawa da kowace sau biyu, gida da waje, wato wasa 38 a kaka guda. Huɗu na ƙarshen tebur kan faɗa rukunin da ke ƙasa, wanda ake kira NNL, na saman tebur kuma su wakilci ƙasar a gasannin hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF. An fara gasar a 1972, aka mayar da ita ta ƙwararru a 1990. Zuwa 2025, Enyimba ta Aba ce ta fi kowace ƙungiya ɗaukar kofin, sau 9. Rangers ta Enugu na bi mata da 8, Shooting Stars ta Ibadan da Heartland ta Owerri suna da 5 kowacensu, Kano Pillars kuma 4.

Kafin 1990

Tun 1945 ake da gasar Kofin Ƙalubale, wadda ta fara da sunan Kofin Gwamna, kuma ta sili-ɗaya-ƙwale ce. 'Yan wasan Kano sun ɗauke shi a 1953. Gasar tara maki ta ƙasa baki ɗaya ba ta samu ba sai bayan yaƙin basasa, kuma ƙungiyar Arewa ce ta fara lashe ta, wato Mighty Jets ta Jos, a 1972. Daga nan Bendel Insurance ta Benin da Rangers da IICC ta Ibadan, wadda daga baya ta koma Shooting Stars, suka riƙa karɓa-karɓa a tsakaninsu. Rangers, wadda aka kafa a 1970, ta ɗauki kofin a 1974, 1975 da 1977.

Raccah Rovers ta Kano ce ta katse musu hanzari a 1978. A cikin watan Afrilun shekarar ne ta kara da Fluminense ta Brazil a wasan sada zumunta a Kaduna, inda Pele da kansa ya saka rigar baƙin ya shiga fili.

A wancan zamani ana ɗaukar 'yan wasa a matsayin masu sha'awa kawai. Yawancinsu sunansu yana cikin jerin ma'aikatan banki ko kamfani ko ma'aikatar gwamnatin da ta mallaki ƙungiyar, a can suke karɓar albashi. Sunayen ƙungiyoyin ma sun nuna haka: New Nigeria Bank ta lashe gasar 1985, Leventis United ta lashe ta 1986. Attajirai su ma sun shigo da kuɗinsu. Cif M.K.O. Abiola yana da Abiola Babes a Abeokuta, Cif Emmanuel Iwuanyanwu kuma yana da Iwuanyanwu Nationale, wadda ta ɗauki kofin sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990. Ita ce Heartland ta yau.

Komawa ta ƙwararru

An ƙaddamar da gasar ƙwararru ranar 12 ga Mayu, 1990, a filin wasa na Onikan da ke Legas, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Manufar ita ce ƙungiyoyi su zama kamfanoni masu neman kuɗin kansu daga tikiti da talla da cinikin 'yan wasa, ɗan wasa kuma ya ci abinci da ƙafarsa a kan yarjejeniya rubutacciya.

Abin da ya biyo baya ya sha bamban da wannan manufa. Tattalin arzikin ƙasa ya riga ya shiga matsi, kamfanoni suna janye hannu, Leventis United da Abiola Babes ma sun rushe tun kafin a shiga sabon tsarin. Gwamnatocin jihohi ne suka cike giɓin. A yau galibin ƙungiyoyin gasar mallakar jihohi ne: Kano Pillars, Katsina United, El-Kanemi Warriors ta Borno, Wikki Tourists ta Bauci, Niger Tornadoes, Plateau United, haka ma Enyimba da Rangers da Rivers United a Kudu. Wannan shi ne ginshiƙin fahimtar tarihin gasar. Ƙungiyar da gwamnan jiharta ke son ƙwallo sai ta bunƙasa, kamar yadda Enyimba ta yi a zamanin Orji Uzor Kalu, lokacin da ta ɗauki kofin gida a 2001, 2002 da 2003, ta kuma ɗauki Kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004. Har yau babu wata ƙungiyar Najeriya da ta sake ɗaukar wannan kofi. Idan kuwa gwamnati ta sauya, ko aljihun jiha ya yi sanyi, sai a ji 'yan wasa suna bin bashin albashi da kuɗin sa hannu na watanni, shugabancin ƙungiya kuma ya zama kujerar da ake ba 'yan siyasa. Shi ya sa da ɗan wasa ya fara haskawa yake neman hanyar ƙetare.

Nasarar Remo Stars ta Ikenne a 2025 ta ja hankali ne saboda wannan dalili: ƙungiya ce ta ɗan kasuwa, Kunle Soname, mai filinta da makarantar renon matasa.

Zamanin Kano Pillars

An kafa Kano Pillars a 1990 ta hanyar haɗe wasu ƙungiyoyi uku na Kano. Ana yi mata kirari da Sai Masu Gida. Ta ɗauki kofin a karon farko a 2008, a shekarar da ta biyo baya ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Sannan ta lashe gasar gida sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014. A ƙungiyar ne Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Turai, ya kuma dawo mata a 2021. Rabi'u Ali, wanda magoya baya ke kira Pele, ya daɗe yana riƙe da kyaftin.

Daga 2003 zuwa 2015 ba a ci Pillars a gida ba a gasar, sai da Nasarawa United ta doke ta 2-1. Abin alfahari ne ga Kanawa, amma yana kuma tuna wani tsohon ciwo na gasar: cin wasa a waje abu ne mai wuya ƙwarai, saboda doguwar tafiya a mota, da matsin da 'yan kallo ke yi wa alƙalan wasa. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suka raunata 'yan wasa biyar. El-Kanemi kuwa rikicin Boko Haram ya sa ta yi kakanni tana karɓar baƙi a Kano da Katsina. A 2022 an zabge wa Pillars maki bayan tarzomar magoya baya a wasanta da Katsina United, ƙungiyoyin biyu kuma suka faɗi tare a ƙarshen kakar. Pillars ta dawo a 2023.

Gudanarwa

A 2012 aka miƙa ragamar gasar ga kamfanin LMC, wanda Nduka Irabor ya fara jagoranta, Shehu Dikko ya gaje shi. An rushe shi a 2022, aka naɗa kwamitin riƙo a ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye. An dakatar da kakar 2018 bayan mako na 24 sakamakon rikicin shugabanci a hukumar NFF, ta 2020 kuma annobar korona ce ta tsayar da ita. Enyimba ta karɓi naira miliyan 100 da ta zama zakara a 2023.

Gasar a jihar Sakkwato

Ƙungiyar jihar, Sokoto United, tana wasa a filin Giginya da ke birnin Sakkwato, kuma a rukunin NNL ta shafe shekarun baya-bayan nan. Saboda haka mai son gasar a Wurno ko Rabah ko Goronyo sai dai ya bi ta a rediyo da waya, ko ya kama hanyar Katsina ko Kano idan yana son ganin wasa da idonsa. Gidajen kallo na waɗannan garuruwa, kamar na sauran Arewa, wasannin Ingila da Sifaniya suka fi nunawa, kuma wannan ita ce babbar kishiyar gasar tun da tauraron ɗan'adam ya yaɗu. Filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, inda Kano Pillars ta yi zaman aro a 2021, sunan Sardaunan Sakkwato ya ci, wanda aka haifa a Rabah.