Gishirin da ba a bari ya yi barci

Duk uwargida a Makoda ta san halin man shanu da hunturu. Ta ɗauko kwalba za ta zuba wa tuwo, sai ta tarar mai ya yi barci, ko ta kifa ta ɗigo ba ya sauka. Ba ta dangwara kwalbar kan garwashi, don kada ta fashe. Gefen murhu take ajiye ta, tana jujjuyawa, har man ya saki a hankali.

Da irin wannan damuwa injiniyoyin tashar Noor III ta Warzazat a Maroko suke kwana suke tashi. Tashar ta fara aiki a 2018, tana ba da megawat 150. Madubai 7,400 ne ke tattara hasken rana su haska shi kan wata hasumiya mai tsawon kusan mita 250, inda narkakken gishiri ke bi ta cikin bututu yana kwasar zafi.

Gishirin miya ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 801, saboda haka ba shi ake amfani da shi ba. Ana haɗa sodiyam naitiret kashi 60 da fotasiyam naitiret kashi 40, dukansu sinadaran da ake yin takin zamani da su. Haɗin yana barin tankin "sanyi" a digiri 290, ya hau hasumiyar ya kwashi zafi, ya sauko tankin zafi a digiri 565. Bayan magariba sai a tafasa ruwa da shi, tururi ya juya injin, a ci gaba da samun lantarki na kimanin awa bakwai.

Sai dai da zarar zafinsa ya sauko wajen digiri 240, gishirin ya fara daskarewa. Kamar yadda wuyan kwalba ke riga cikinta toshewa, siraran bututu da mahaɗarsu ne ke fara kamawa, babban tanki kuwa yakan daɗe da ɗuminsa. Shi ya sa ake bin bututun da wayar lantarki mai ɗumama su, a lulluɓe su da abin riƙe zafi, a kuma tsiyaye gishirin hasumiya kowane dare.

In kuwa ya riga ya daskare, gaggawa ɓarna ce. Gishirin yana ƙara girma idan yana narkewa. In aka ɗumama tsakiyar bututu alhali bakinsa na toshe, ba shi da mafita, sai ya kumbura ƙarfen ko ya tsaga shi. Dole a faro daga buɗaɗɗen baki, a bi shi sannu.

Rana dai Allah Ya hore mana ita a Arewa. Ranar da za a kawo mana irin wannan tasha, a fara da horar da yaranmu da za su raba dare suna duba ma'aunin zafi, a kuma ware kuɗin kulawa tun kafin a kafa tubalin farko.