Kacala ba ta jiran kasafin kuɗi: A damƙa wa mutanen fadamar Haɗeja gyaran koginsu

Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja ya san arzikinta a bakin ruwa yake. Daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, shinkafa da alkama da tattasai da kifi duk albarkar kogi ce. Sai dai kogin da ke ciyar da jama'a shi ne kuma ke cinye gonakinsu da damina, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022.

Tushen matsalar ba ɓoyayye ba ne. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin kan janye da rani, gindinsa ya bushe. Yanzu ruwa na kwance shekara a zagaye, ciyawar kacala kuwa abin da take so ke nan. Tana tare laka, ta toshe magudanai, ta karkatar da ruwa ta hanyar Marma zuwa Nguru, ta bar wasu rassan kogin da ƙishirwa. A cikinta ne kuma tsuntsayen jan-baki ke fakewa, su wawushe shinkafa tana gab da nuna.

Ba zan ce gwamnati ta naɗe hannu ba. Akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tun 1976. A 2006 jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato suka haɗa kai da gwamnatin tarayya suka kafa asusun kula da wannan kwari. An kuma sayo injinan yashe kogi. Inda nake da ja shi ne salon kashe kuɗin. Ana ɗaukar share kogi tamkar kwangilar gina gada, a yi sau ɗaya, a yanke kyalle, a watse. Kacala kuwa tana tsirowa kowace shekara, ba ruwanta da ranar da za a saki kuɗi daga Dutse ko Abuja.

Waɗanda ba su taɓa barin bakin daga ba su ne mutanen ƙauyukan. Da lauje da adda da kwale-kwale suke fita aikin gayya, ruwa iya ƙirji, su buɗe hanya. Masunci ya san inda kogi ya shaƙe tun kafin injiniya ya buɗe taswira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Muna da darasi a hannu. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa, musamman kashi na biyu da na uku, ya bar ƙungiyoyin manoma su tsara buƙatunsu, su zuba nasu kason, su sa ido kan aikin. Rauninsa shi ne wa'adi: da shiri ya ƙare, sai ƙungiyoyi da dama su yi sanyi.

Don haka shawarata uku ce. Na farko, Majalisar Dokokin Jigawa ta ware wani kaso tabbatacce duk shekara domin share magudanai, a biya shi kai-tsaye cikin asusun ƙungiyoyin da suka haɗa manoma, masunta, makiyaya da mata, kuma a sake shi da rani, ba bayan ruwa ya ci gari ba. Na biyu, ƙananan hukumomi, waɗanda hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a ba su kuɗinsu kai-tsaye, su sa nasu hannun. Na uku, a karanta lissafin kowace naira a ƙofar dagaci, domin kada dogayen hannaye su mayar da ƙungiya rumfar siyasa.

Aikin injin da rabon ruwa tsakanin jihohi na gwamnati ne, domin magudanar da wani ƙauye ya buɗe tana iya zama ambaliyar maƙwabcinsa. Amma kulawar yau da kullum a bar ta ga waɗanda gonakinsu ke nutsewa in an yi sake.