Ladubba da Camfe-camfen Cin Abinci a Ƙasar Mashi

Mashi gunduma ce ta Iyan Katsina, tana cikin shiyyar Daura ta Jihar Katsina, kuma al'adunta na ci da sha ba su bambanta da na Daura, Mani ko Dutsi ba. Gero da dawa su ne abinci: koko ko ɗumame da safe, fura da rana, tuwo da dare.

Babban ginshiƙin ladabin ci a nan shi ne ciyayya, wato magidantan unguwa su hallara a ƙofar zauren wani dattijo bayan magariba, kowa a fito masa da akushinsa, a ci ɗaya bayan ɗaya. Hikimar abin ita ce rufin asiri. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba zai zauna ya ƙoshi, ba wanda zai tambaye shi ina nasa, haka nan baƙon da dare ya yi wa. Mata kan ci nasu a cikin gida, yara kuma a haɗa su ƙwarya ɗaya gwargwadon shekarunsu.

A bakin akushi babba ke fara sa hannu. Yaro ba ya miƙa hannu ga nama sai an raba an ba shi, kuma ba ya yin babbar loma. Ragowar dattijo ko ta malami kuwa albarka ake ɗaukarta. Yin bisimilla, ci da hannun dama da cin abin da ke gabanka duk koyarwar Musulunci ce, kamar yadda Annabi (SAW) ya hori Umar ɗan Abu Salama tun yana yaro.

Akwai kuma kunya. Suruki ba ya ci a gaban surukansa, abin da ya fi tsanani wurin Fulanin yankin, kuma ba a ganin sarki yana cin abinci a bainar jama'a. Wanda daɗin miya ya sa shi sakin zance, an ce ya yi santi, kuma za a daɗe ana yi masa dariya.

Camfe-camfe su ne wajen da ya kamata malaman makaranta su yi tankaɗe da rairaya. An ce wanda ya ci a tsaye abincin ƙafa zai tafi; wannan dabara ce kawai ta zaunar da yaro, ba ta cutar da kowa. Amma cewa yaron da ke cin ƙwai zai zama ɓarawo, a ganina tsimin ƙwan ne aka yi wa riga, domin a sayar ko a bar wa kaza ta ƙyanƙyashe. Asarar a kan yara da masu juna biyu take faɗawa, alhali su ne suka fi bukatarsa. Wani hanin kuma ya girmi zuwan Musulunci, kamar "kan gida" na Maguzawa, wato dabbar da zuri'a ba ta ci ko kashewa.

Kowace al'umma da nata. Bature kan riƙe cokali mai yatsu da hagu, abin da zai sa a tsawata wa yaro a Mashi. A ƙasar Sin ba a soka tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin ya yi kama da turaren da ake kunna wa matattu. Habashawa kan sa wa juna loma a baki don nuna ƙauna, Yahudawa masu riƙo da addini kuwa ba sa haɗa nama da madara.

Yau faranti da cokali sun shiga gidaje, kowane yaro da kwanonsa, ciyayya kuma ta ja baya a cikin gari, ko da yake ana samunta a ƙauyuka da lokacin buɗa-baki a watan azumi.